Takardar Naɗe Ƙosai

Duk ƙarshen shekara sai an turo min su. 'Yan mata da samari da suka gama sakandare, suna jiran sakamako, iyayensu sun gaji da ganinsu kwance a falo. "Anti Rifkatu, a ɗan sama min koyarwa mana, ko ajin ƙanana ne, kafin makaranta ta fito." Ko ajin ƙanana ne! Wato a ganinsu nan ne wurin hutu: a rera A B C, a tafa hannu, a share majina, a tashi. Ni ma iyakata sakandare, ba zan ɓoye muku ba, kuma da irin wannan tunanin na shigo. Yau shekarata tara ina koya wa yara karatu tsakanin Samaru da Sabon Gari. Na gaji da yi wa kowa bayani ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta. Mai so ya karanta.

A wurin Malama Saratu na koyi aikin. Tsohuwar malamar firamare ce, ta yi ritaya, ta buɗe ɗan aji a garejin gidanta a bayan kasuwar Samaru. Sati na biyu da zuwana ta bar min yara ashirin ta shiga cikin gida. Na buɗe littafi, na ɗaga murya, suka bi ni. Kafin azahar suna faɗin shafin nan tun daga sama har ƙasa, kwanon rufi na amsawa. Har na fara tunanin tsohuwar nan ta daɗe tana wahalar da kanta a banza.

Ta fito tana goge hannu da zani. Ta zaro wani guntun kwali daga aljihu, an huda tsakiyarsa, hudar ba ta fi akwatin ashana ba. Ta kira yaron da ya fi kowa ihu, ta ɗora kwalin a kan shafin, komai ya rufe sai kalma ɗaya.

"Mene ne wannan?"

Yaron ya dubi kalmar, ya dube ni, ya dubi rufi. Ta kira na biyu. Ta kira na bakwai. Sai ta miƙo min kwalin.

"Yarinya, kin iya waƙa, ba laifi. In mawaƙa nake nema zan aika a kira ki. Gobe ki zo mu fara karatu."

Taga take ce wa kwalin nan. Yana jakata har yau, gefensa ya yi baƙi da hannu.

Kayan aikin ba masu tsada ba ne, tara su ne wahala. Murafun kwalbar lemo, sai ki bi shaguna kina roƙo kamar mahaukaciya, ki wanke, ki shanya, ki rubuta harafi ɗaya a cikin kowanne da alƙalamin maka. Tire da yashi, don yaro ya ja harafi da yatsa kafin a ba shi fensir. Fensirin ma a raba shi biyu, domin dogo ya fi ƙarfin hannunsu, kuma ko yaya ne sai sun ɓatar. Ba a koyar da karatu a tsaye. Sai kin durƙusa, kanki daidai da kan yaro, ki ga inda idonsa yake sauka. Ina da shekara ashirin da bakwai, gwiwoyina na 'yar hamsin ne.

Da Hausa nake farawa, ko mai makaranta ya so ko ya ƙi. A Sabon Gari, ko Ibo ake yi a gidanku ko Yarbanci ko Katafanci, in an fita wasa Hausa ake yi. Murfi biyu: ba. A sake biyu: ba. A matso da su: baba. Akwai wani abu da fuskar yaro take yi ranar da ya gane cewa waɗannan murafun mahaifinsa suke kira. Wani a sati uku yake isa wurin, wani sai wata biyar. Ba a tura shi, ba a kuma yi masa. In ya kama a harshen da yake ji, Turanci sai dai a yi ta gyara, amma ƙofar ta riga ta buɗe.

Iyaye su ne masu sayen kayanmu, kuma yawancinsu ba su san abin da suke saye ba. Jan biro suke so su gani a littafi, da aikin gida mai yawa, da yaro yana zuba Turanci a gaban baƙi. Wani bakanike ya taɓa tare ni a ƙofa. "Anti, wata biyu ke nan ɗana yana dawowa da yashi a farce. Makaranta na kawo shi ko gini?" Na ce ya dawo bayan wata ɗaya ya riƙo duk takardar da ya ga dama. Bai dawo ba, ya mai da yaron inda ake ba da jan biro.

Shekarar da aka rufe makarantu saboda cutar nan ita ce mummunar shekarata. Malama Saratu ta kulle gareji ta ce za ta je ƙauyensu ta dawo in abu ya lafa. Ba ta dawo ba, can aka binne ta, ban samu zuwa ba. Na riƙa yawo da ƙafa daga Palladan, inda nake haya, zuwa Samaru har Bomo, da buhun murafu a hannu, ina ƙwanƙwasa ƙofofi ko akwai mai son a koya wa yaransa a gida. Wasu ta taga suke amsa min. Akwai satin da in ban da mai shagon unguwarmu ban yi magana da babban mutum ko ɗaya ba. Da aka buɗe makarantu na ga abin da Malama take faɗa da idona. Yaran da aka yi wa hadda sun dawo fayau, kamar an wanke allo. Waɗanda suka bi ta murfi da yashi sun yi tsatsa, amma cikin sati biyu sun tashi.

Bayan nan ne na samu aiki a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari, aji ɗaya na firamare. Mai makarantar, Madam muke ce mata, mace ce mai ƙoƙari, ba zan tauye mata haƙƙi ba. Sauran malaman masu takardar koyarwa ne, suna da ɗakinsu da fanka. Malamar ƙananan yara ba ta barin aji, ko an fita tara. A kan bencin yara nake cin abincina, ina jin dariyarsu ta bango.

A nan na haɗu da Godiya. Shekararta bakwai, karo na biyu ke nan tana aji ɗaya. A layin baya take zama, in ana karatun baki ɗaya bakinta yana motsi daidai da na kowa. Ranar da na matsa kusa na kasa kunne, ba sauti ko kaɗan. Motsa leɓe kawai take yi, shekara guda da rabi, ba wanda ya lura.

Kakarta ce take riƙe da ita, Kaka Asabe, mai suyar ƙosai da doya a bakin titi kusa da tasha. Ta zo da kanta a farkon zango na biyu, da ƙaurin hayaƙi a jikin zaninta, ta tsaya a ƙofar aji ta ƙi shigowa.

"Ke ce sabuwar antin?"

"Ni ce, Mama. Sannu da zuwa."

"To ki ji ni da kyau. Ni kaɗai ce, ƙafafun nan sun ƙare, ba mai miƙo min ko ruwa a bakin kasko. Na haƙura na bar ta nan don a ce ta yi karatu. Bara na zo bikinku na ƙarshen shekara, 'ya'yan kowa sun hau sun karanta, tawa tana zaune kamar buhu. Bana in na zo ban ji ta da kunnena ba, ta gama. Ta zo ta koyi abin da zai ciyar da ita."

Na ce, "Za ki ji ta."

"Haka waccan ma ta ce."

Da aka fita tara washegari na riƙe Godiya. Ta zaci duka ne, ta miƙo tafin hannu tun ban ce komai ba. Na zuba mata murafu a ciki. Minti goma kullum, ni da ita, abincina yana hucewa a gefe. Sati uku ba ta ce uffan ba, sai dai ta ja harafi a yashi ta share. Na yi mata tsawa sau biyu, ban ce ina da haƙuri ba. Ranar da ta fara magana, murfi shida na jera mata. Ta bi su da yatsa, ta sake bi, sai ta ɗago.

"Anti, wannan ai ni ce."

"To da wa kika zata? Gwamna?"

Daga nan ban ƙara jan ta ba, ita take ja na. Ƙosai, doya, Kaka, tasha. Ta karanta bayan kwalin ashana, ta karanta rubutun jikin keke mai ƙafa uku. A zango na uku muka shiga Turanci, a hankali, tana tuntuɓe tana tashi. In na ɗora mata taga a ko'ina cikin littafi, za ta yi shiru, leɓenta ya yi aiki, kalmar ta fito.

Yanzu sai ku san yadda ake bikin ƙarshen shekara a irin makarantunmu, don a nan abin yake. Saura sati uku, Madam takan raba wa kowane yaro shafinsa. A aji a maimaita, a gida a maimaita, har ya zauna a ka. Ran biki yaro ya hau, ya riƙe littafi, ya zuba. Iyaye su yi tafi, su biya kuɗin shekara mai zuwa da farin ciki. Kowa a cikinmu ya san ba karatu ba ne. Ba mai faɗa.

Madam ta ba ni shafin Godiya, labarin wata akuya da ta shiga gidan mutane. Na ninke shi na sa a jaka, ban ba ta ba. Da na ba ta a lokacin, da cikin kwana huɗu ta haddace, tunda yanzu tana gane abin da take faɗa. Amma na ce a raina, yarinya ɗaya tak nake da ita da za ta iya hawa ta karanta abin da ba ta taɓa gani ba, kuma sai kowa ya gani. Ban gaya wa Madam ba. Ban je na gaya wa Kaka Asabe ba, ga ta nan tafiyar minti goma. Wannan ba dabara ba ce, girman kai ne, kuma ba ni na biya ba.

Ranar Asabar aka yi. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, janareta yana ta ƙara a bayan aji. Kaka Asabe ta rufe kasko ranar, ta ɗauro sabon zani, ta zauna a layi na biyu. Chioma ce ta fara, wadda take ɗaukar na ɗaya. Ta zuba shafinta kamar famfo, idonta a kan uwarta tun daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya ba ta dubi littafin ba. Uwar ta taso da rawa tana liƙa mata kuɗi a goshi. Haka yara tara suka wuce.

Aka kira Godiya. A bakin matakala na miƙa mata shafin. Ta dube shi, ta dube ni.

"Anti, ban san wannan ba."

"Kin san haruffan. Hau."

Ta hau. Ta ɗora yatsa. Kalma ta fito, aka yi shiru, wata ta fito. Lasifika tana ɗaukar numfashinta. A layi na biyu ta yi kuskure, ta tsaya, ta koma baya ta gyara da kanta, abin da na yi wata uku ina koya mata. Wani a baya ya ce, "Wannan kam sai gobe." Aka yi dariya. Ba ta ji ba, ta shiga ciki. A layi na huɗu akuyar ta cinye hular maigida da aka shanya a igiya. Godiya ta karanta, ta tsaya, sai ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai a gaban mutane. Cikin yara goma ita kaɗai ta san akwai abin dariya a shafinta.

Mutane suka ɗauka taɓin hankali ne. Madam ta yi wa mai gabatarwa alama, ya zo ya zare makirfo daga hannunta, ya ce a tafa mata ta yi ƙoƙari. Aka tafa irin tafin da ake yi wa mara lafiya. Da na waiga, kujerar Kaka Asabe ba kowa.

Ran Litinin Madam ta kira ni ofis. Ba ta yi ihu ba. "Anti Rifkatu, na san abin da yarinyar nan ta yi, ni ma malama ce. Amma iyaye ba malamai ba ne. Kin kunyata yarinya, kin kunyata tsohuwa, don ki nuna kin fi mu. Kin nuna. To ina yarinyar?"

Da yamma na tafi bakin tasha. Godiya tana kan benci a bayan kasko, da tulin tsofaffin takardu a cinya, tana yagawa gida huɗu. Ba ta ɗago ba.

"Mama, ina wuni. Na zo ne in yi miki bayani."

"Na ji bayani da kunnena ran Asabar."

"Mama, sauran ba karatu suka yi ba, hadda ce. Taki ce kaɗai ta karanta."

Ta juya ƙosai da matsami, ba ta dube ni ba. "Wato ni ban san karatu ba, ko? Ban yi boko ba, amma ina zuwa coci. In fasto yana karatu, haka yake yi, yana kirga kalma kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa? 'Yar Ibo ta zuba kamar rediyo, tawa tana dariya kamar wawiya, ki zo ki ce tawa ta fi?"

A nan ya kamata in durƙusa in ba da haƙuri. Sai na ce, "Aku ma yana zubawa, Mama."

Ta ajiye matsamin. "'Yata, kin haihu?"

"A'a."

"To in kin haifi naki, ki kai shi gaban jama'a a yi masa dariya. Ƙosai za ki saya ko za ki ba masu saye wuri?"

Da aka koma hutu bencin Godiya ba kowa. Na koma cin abincina da zafinsa.

Wata biyu ban bi ta hanyar ba. Ranar da na bi, daga nesa na jiyo muryar tsohuwar. "Naɗe ki ba mutum! Kowace takarda sai kin tsaya kin yi mata gaisuwa?" Na tsaya a bayan wata mota ina kallo. Takardun da masu ƙosai suke naɗi da su tsofaffin takardun ɗalibai ne daga Samaru, na jarrabawa da na darasi. Godiya takan ɗauki guda, ta ɗora yatsa, leɓenta ya motsa, sai kakar ta daka tsawa ta zuba ƙosai a kai. Rubutun 'yan jami'a take fama da shi, rabin jimla, an yage sauran.

Na koma ɗaki na fito da tsofaffin littattafan rubutu na aji, waɗanda bayan shafinsu ba komai. Na yanka su daidai girman naɗi. A kan kowanne na rubuta layi uku ko huɗu da manyan baƙaƙe, wasu da Hausa wasu da Turanci, na sauƙi a sama, masu wuya a ƙasa. Na ƙarasa mata labarin akuyar nan tukuna, tunda an ƙwace makirfo ba ta ji ƙarshensa ba. A ƙasan kowace takarda na sa tambaya ɗaya. Na ɗaure da roba, na cusa guntun fensir a tsakiya.

Ran Asabar na kai. "Mama, ga tsofaffin takardu, za a ƙone su ne a makaranta, na ce ko za su yi miki amfani."

Ta karɓa, ta juya ɗaurin, ta daɗe tana duban rubutun. Ba ta iya karatu ba, amma ta san tsohon rubutu ta san sabo.

"Hm. Makarantarku akwai ɓarnar takarda." Ta jefa wa Godiya a cinya. "In babu masu saye. Kin ji ni? In babu masu saye."

Yau shekara biyu ke nan, duk Asabar. Darussana suna tafiya gidajen mutane da mai a jikinsu, direbobi suna goge hannu da su su yar a kwata. Ban damu ba, an riga an karanta. Ba ma wata hira da Godiya, kakar tana wurin, layi yana jira. Nakan sayi ƙosai in tafi. Godiya ce take naɗe min, kuma ba daga saman tuli take ɗauka ba, daga ƙarƙashin cinyarta take zarowa. Sai na isa ɗaki nake buɗewa. A ƙasan tambayata akwai amsa da fensir. Ina akuya ta kwana? A bayan murhu. Wa ya fi gudu, kare ko keke? Kare in an jefe shi.

A aji kuwa, in kuna son sani, yanzu kowane yaro ina ba shi shafinsa saura sati uku cif. Ya haddace, ya hau, ya zuba, uwarsa ta yi rawa. Karatun gaske muna yin sa in an fita tara, a ƙasa, da murfi da taga. Ku riƙe wannan in kun shigo: ku koya wa yaro gaskiya, amma kada ku tura shi shi kaɗai ya tsaya da ita a gaban manya.

Na sake yi wa Kaka Asabe maganar makaranta sau uku, da ladabi, a durƙushe. Har ta gwamnati na ce, ta rabin yini. Ta ce in ƙafarta ta yi sauƙi. Ƙafar ba sauƙi take yi ba.

Asabar da ta wuce na buɗe naɗina. Ta amsa tambayar daidai. A ƙasa kuma, inda mai ya jiƙa takardar har ana ganin yatsana ta baya, ta ƙara layi ɗaya da ba ni na tambaya ba: "Anti har yanzu akwai wurina a benci na baya?"

Ba kuskure ko ɗaya, har alamar tambaya ta sa. Na shanya takardar a bakin taga. Na yanka na wannan satin tun ran Talata, guda talatin, na rubuta ashirin da tara. Ta saman tana nan fara, kuma gobe Asabar.